Darasi na 14: Yadda ƙurar hunturu ke manne wa kaya

1. Abin lura

Daga watan Nuwamba zuwa watan Maris iskar hunturu ke busawa a Damagaram. Tana zuwa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Wata rana hazo yakan rufe gari, har mutumin da ke Zango ba ya iya hango duwatsun Birni. Uwar gida ta share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta dawo. Mai tebur a kasuwar Dole yana yini da tsumma a hannu.

Kowa ya san ƙura tana faɗowa bisa tebur da tabarma. Amma ga abubuwa uku da ya kamata ɗalibi ya lura da su.

Na ɗaya, fiffiken fanka yana juyawa da gudu cikin iska, amma ƙura tana taruwa a kansa.

Na biyu, kujerar roba tana yin ƙura a gefenta da ƙarƙashinta, inda babu abin da zai iya faɗowa daga sama.

Na uku, idan aka goge gilashi ko bokitin roba da busasshen tsumma, ba a jimawa sai ƙura ta koma masa, wani lokaci ma fiye da da.

Da nauyi ne kaɗai ke saukar da ƙura, da saman kaya kawai za ta rufe. Ashe akwai wani ƙarfi dabam da ke jawo ta. Wannan ƙarfi shi ne lantarki.

2. Inda ƙurar ta fito

Yawancin ƙurar hunturu daga ƙasar Cadi take tasowa, daga wani babban kwari da ake kira Bodele. Tsakaninsa da Damagaram kimanin kilomita 1000 ne. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan tafki ne, lokacin da tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Da ruwa ya janye sai ya bar farar laka busasshiya, marar nauyi. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara gudu, ta faɗa wa kwarin, ta kwashi lakar ta yi sama da ita.

Ƙwayoyin ƙura ba girmansu ɗaya ba. Ana auna su da mikuron. Idan aka raba milimita 1 kashi 1000, kashi guda shi ne mikuron 1. Kaurin gashin kai guda kimanin mikuron 70 ne. Ƙwayar rairayi ta fi gashi kauri. Ƙwayar hazo kuwa takan zama mikuron 10, ko 1, ko ƙasa da haka. Ido ba ya ganin guda ɗaya, sai taronsu.

A cikin ɗakin da babu iska, ga yadda suke saukowa daga rufi mai tsawon mita 3:

Ƙwayar rairayi: daƙiƙa kaɗan.

Ƙwaya mai mikuron 10: kimanin minti 6.

Ƙwaya mai mikuron 1: kimanin awa 9.

Saboda haka rairayi ba ya tafiya nesa. Ƙananan ƙwayoyi kuwa iska ba ta barin su su kai ƙasa. Suna kwana suna yini a sama, har wasu su ƙetare teku su sauka a nahiyar Amurka.

3. Lantarkin guga

Gwaji na ɗaya. A yayyaga takarda ƙanana-ƙanana a zuba bisa tebur. A ɗauki bik na roba a goga shi da gashin kai sau ashirin. A kusanta shi da takardun. Za su yi tsalle su manne masa.

Gwaji na biyu. A yanko leda biyu dogaye daga jaka ɗaya. A riƙe su tare a hannun hagu, a shafe kowace da busassun yatsu daga sama zuwa ƙasa. Za su buɗe baki, kowace tana gudun ƴar'uwarta.

Ga dalili. A cikin kowane abu akwai lantarki iri biyu. Ɗaya ana yi masa alamar tarawa (+), ɗayan alamar ɗebewa (−). Galibi yawansu daidai yake, shi ya sa ba a jin komai. Idan abu biyu suka gogi juna, wani ɓangare na lantarkin ɗebewa yakan bar ɗaya ya koma ɗayan. Wanda ya samu ƙari ya zama mai (−), wanda ya yi asara ya zama mai (+). Sai a ce sun ɗauki caji. Wannan shi ake kira lantarkin guga. Shi da kuran da ke bin waya asalinsu ɗaya, sai dai wannan yana zaune wuri guda, ba ya gudana.

Dokarsa mai sauƙi ce: iri ɗaya suna korar juna, iri dabam suna jan juna.

An daɗe da sanin wannan abu. Mutanen Girka na da sun lura da shi a jikin wani ƙaro na itace da ya daskare ya zama kamar dutse. Sunan ƙaron da harshensu elektron, kuma daga nan kalmar lantarki ta samo asali. Mutanen Farisa sun kira ƙaron kahruba, wato mai fizgar ƙaiƙayi. Shi ya sa Larabawa ke ce wa lantarki kahraba. A shekarar 1785 wani Bafaranshe mai suna Kulom ya auna ƙarfin wannan ja. Ya iske idan aka rage nisa ya koma rabi, ƙarfin yana ninkuwa huɗu.

Lantarkin guga ba ya shiri da laima. Idan iska tana da danshi, wani ruwa da ido ba ya gani yakan lulluɓe kaya, caji ya bi ta cikinsa ya zurare ƙasa. A watan Agusta laimar iska a Damagaram takan wuce kashi 60 cikin 100. Da ranar hunturu kuwa sau da yawa ba ta kai kashi 20. Don haka a hunturu ne bargo ke yin tartsatsi cikin duhu, a hunturu ne ƙofar mota ke jan hannun mutum.

4. Yadda ƙura ke ɗaukar caji

Idan iska ta yi ƙarfi, ƙwayoyin rairayi suna tafiya da tsalle-tsalle kusa da ƙasa. Kowace ta dira sai ta bugi wasu, ta farfasa busasshiyar laka, ƙura ta tashi. Cikin daƙiƙa guda ana yin karo ba iyaka. Kowane karo ƙaramar guga ce, kamar ta bik da gashi.

Masu bincike sun lura cewa sau da yawa manyan ƙwayoyi ke ɗaukar (+), ƙanana su ɗauki (−). Manya suna zama ƙasa, ƙanana su hau sama. Ta haka guguwa da iskar da ke gaban hadari suke cika da lantarki. A shekarar 2006 wasu masana sun auna wannan a Yamai, lokacin da jar ƙura ke rigan ruwan sama isowa, suka iske tana ɗauke da caji mai yawa.

A kan hanya wani ɓangare na cajin yana zubewa. Amma ƙura ba ta daina guga. Tana gogar katanga, da kwanon rufi, da tufafi, da ƴan'uwanta. Tsintsiya da tayar mota da ƙafar dabba su ma suna tayar da ita da sabon caji.

5. Rigar iska

Gwaji na uku. A bar allo ya kwana a waje ya yi ƙura. A busa shi da ƙarfi. Manyan ƙwayoyi za su tashi, amma wani farin shafi zai rage. A ja yatsa a kai, zai bar layi.

Iskar baki ba ta kwashe shi ba saboda wannan dalili: duk inda iska ke wucewa ta jikin wani abu, wadda ke taɓa abin ba ta motsi. Ta bisanta tana tafiya a hankali, ta bisa wannan ta ɗan fi ta gudu, har a kai inda iska ke gudu sosai. Haka ruwan kwarare yake yi da damina: tsakiya na gudu, bakin gaɓa na tafiyar hawainiya. Wani Bajamushe mai suna Farantil ya bayyana wannan a shekarar 1904. A wannan darasi sunanta rigar iska, domin kamar riga take a jikin kowane abu. Siririya ce ƙwarai. A jikin fiffiken fanka ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Rigar iska tana aiki biyu. Tana hana ƙaramar ƙura isa jikin abu da sauƙi, domin iskar da ta ɗauko ta ba ta shiga ciki, wucewa take yi ta gefe. Kuma wadda ta riga ta sauka, rigar tana kare ta daga iska. Shi ya sa fanka ba ta iya kakkaɓe kanta.

6. Hanyoyi huɗu na sauka

Kafin ƙwayar ƙura ta manne wa wani abu, sai ta ƙetare rigar iska. Hanyoyin ƙetarewa huɗu ne.

Hanyar nauyi. Ƙwaya tana faɗowa a hankali har ta kai. Wannan yana aiki ga manya, kuma bisa saman kaya kawai.

Hanyar karo. Idan iska ta iske gini ko fiffike sai ta karkata ta kewaye shi. Babbar ƙwaya ba ta iya karkata da sauri, sai ta zarce ta bugi abin, kamar mai keke da ya shiga kwana da gudu. Wannan ne ya sa bakin gaba na fiffiken fanka ya fi ko'ina datti.

Hanyar rawa. Ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na mikuron, ba sa tafiya miƙe. Ita kanta iska ƙananan ƙwayoyi ce masu motsi, suna tunkuɗar ƙurar hagu da dama. Cikin wannan rawa sai ta taɓa bango ta manne.

Hanyar lantarki. Akwai ƙwayoyi na tsaka-tsaki, daga kashi ɗaya cikin goma na mikuron zuwa mikuron 1. Ba su da nauyin da za su faɗi, ba su da girman da za su yi karo, kuma rawarsu kaɗan ce. Idan ba su da caji, iska tana wucewa da su. Idan suna da caji, labari ya sake.

A ɗauka ƙwaya mai (−) ta zo wucewa kusa da kujerar roba mai (+). Kujerar tana jan ta. Iska na tura ta gaba, lantarki na jan ta gefe, sai hanyarta ta lanƙwasa. Tana matsowa ƙarfin ja yana ƙaruwa, kamar yadda Kulom ya auna. Daga ƙarshe ta ratsa rigar iska ta manne. Wannan ja bai san sama ko ƙasa ba. Shi ya sa ƙarƙashin kujera ke yin ƙura.

Ko da abin ba shi da caji, ƙwayar tana iya jawo kanta zuwa gare shi. Idan ƙwaya mai (−) ta kusanci ƙofar ƙarfe, tana korar (−) na ƙarfen ya ja da baya, (+) ya rage yana fuskantarta, sai su ja juna. Amma wannan ba ya aiki sai ta matso kusa ƙwarai. Haka kuma abu mai caji yana jan ƙwayar da ba ta da caji, kamar yadda bik ya ja takarda.

Gudun iska ma yana da nasa hukunci. Idan iska na gudu sosai, ƙwaya tana wucewa kafin lantarki ya gama jawo ta, sai hanyar karo ta fi aiki. Idan iska na tafiya a hankali, kamar cikin ɗaki ko bayan katanga, lantarki yana samun lokaci. A taƙaice, iska ce ke kawo ƙura bakin ƙofa, lantarki ke shigar da ita.

Gwaji na huɗu. A rataye regil biyu na roba da zare, taki guda tsakaninsu. A goga ɗaya da busasshen tsumma, a shafe ɗayan da jiƙaƙƙe a bar shi ya bushe da kansa. Ɗalibi guda ya kaɗa magogin tablo daga nesa kaɗan, wani ya yi fifita da kwali a hankali zuwa wajen regil ɗin. Sauran su koma bayan mai fifita don kada su shaƙi alli. Bayan haka a duba wane regil ya fi fari, a duba gabansa da bayansa.

7. Ƙura da lafiya

Hanci da maƙogwaro da huhu su ma hanyar iska ce. Manyan ƙwayoyi suna karo da gashin hanci da majina, a fyace su. Waɗanda ba su kai mikuron 10 ba suna wucewa ciki. Waɗanda ba su kai mikuron biyu da rabi ba suna iya kaiwa can ƙasan huhu. Daga nan tari da ciwon ƙirji ke tasowa, masu fuka kuma su sha wuya.

Lokacin ƙura da fari shi ne lokacin sanƙarau. Ƙwayar cutar daga mutum zuwa mutum take wucewa, ta tari da atishawa da cunkoso a ɗaki. Amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, sai cutar ta sami hanyar shiga jini. A shekarar 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da dubu 250 a Afirka, kimanin dubu 25 suka rasu. A jihar Damagaram, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an ƙidaya mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu. Babban maganinsa allurar rigakafi. Wanda ya ji zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi likita nan da nan.

Mutanen Sahara sun daɗe suna rufe baki da hanci da amawali. Yana tare rairayi da manyan ƙwayoyi, amma na tsaka-tsaki suna ratsa saƙar auduga. Takunkumin likita, wanda kowa ya sani tun annobar korona ta 2020, ya fi shi aiki. A tsakiyarsa akwai wani shafi na zaren roba da aka ɗura wa caji tun daga masana'anta. Iska na wucewa, zaren na fizge ƙura, kamar bik da takarda. Idan aka wanke shi da sabulu cajin yakan tafi, ƙarfinsa ya ragu ko da ya yi fari tas.

8. Ƙura da wutar rana

Nijar ƙasar rana ce. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa daga shekarar 1969. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana ta Malbaza, a 2023 ta Goru Banda kusa da Yamai. A ƙauyuka da unguwanni faifan sola ke jawo ruwan famfo, ya yi cajin waya, ya sanyaya firjin allurar rigakafi.

Faifan sola da haske yake aiki. Ƙura ta rufe shi, wuta ta ragu, famfo ya yi sanyi. Mai goge shi da busasshen tsumma yana ɓarna biyu: rairayi yana karce gilashin, guga kuma tana bar masa cajin da zai jawo sabuwar ƙura. Abin da ya dace shi ne ruwa kaɗan da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Masana sun mai da wannan ƙarfi abin amfani. A shekarar 1907 wani Ba'amurke mai suna Kotirel ya ƙera na'urar tace hayaƙin masana'anta. Hayaƙi yana bi ta tsakanin wayoyi da faranta na ƙarfe. Wayoyin suna ba ƙwayoyin hayaƙi caji, faranta su jawo su, can a girgiza faranta toka ta zube ƙasa. Irin wannan na'ura tana iya kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙurar hayaƙi. Ana amfani da ita a masana'antun siminti da tashoshin wuta masu ƙona gawayi a ƙasashe da yawa.

9. Abin riƙewa

Ƙura tana ɗaukar caji idan ta gogi rairayi ko wasu abubuwa, musamman cikin busasshiyar iska.

Kowane abu yana da rigar iska, wadda ƙura sai ta ƙetare kafin ta sauka.

Hanyoyin sauka huɗu ne: nauyi, karo, rawa da lantarki.

Lantarki ya fi aiki kan ƙananan ƙwayoyi, kusa da jikin abu, cikin iska marar gudu.

Busasshen tsumma yana kiran ƙura, jiƙaƙƙe yana kwashe ta tare da cajin. A yayyafa ruwa kafin a share aji.

10. Kalmomi da faransanci

Ƙura: poussière. Caji: charge. Lantarkin guga: électricité statique. Laimar iska: humidité. Rigar iska: couche limite. Faifan sola: panneau solaire. Sanƙarau: méningite.

11. Tambayoyi

1. Daga ina yawancin ƙurar hunturu ke tasowa? A nuna wurin bisa taswira.

2. Me ya sa ledoji biyu na gwaji na biyu suka guji juna?

3. Me ya sa bargo ba ya tartsatsi da damina?

4. Wace hanya ce ke ɓata bakin gaba na fiffiken fanka? Wace ce ke ɓata ƙarƙashin kujerar roba?

5. Ƙwaya mai mikuron 10 tana saukowa milimita 8 cikin daƙiƙa guda. Daƙiƙa nawa za ta yi kafin ta sauko mita 2?

6. Iska tana gudun kilomita 18 cikin awa guda. Ƙwaya mai mikuron 1 tana yin awa 9 kafin ta sauko mita 3. Kilomita nawa iskar za ta tafi da ita cikin wannan lokaci?

7. Me ya sa takunkumin likita da aka wanke bai kai sabo aiki ba?

12. Aikin gida

Kowane ɗalibi ya samu abu uku masu kusan faɗi ɗaya: murfin roba, murfin ƙarfe da faifan kaba. Ya goge ukun da busasshen tsumma, ya jingina su a tsaye jikin bango, inda iska ke ɗan wucewa. Bayan kwana biyu ya shafi kowanne da ɗan baƙin ƙyalle, gaba da baya, ya rubuta abin da ya gani cikin kaye. Ya maimaita aikin da jiƙaƙƙen tsumma. Ran Litinin a kwatanta sakamakon ƴan Zango da na ƴan Birni da na sauran unguwanni, a rubuta su bisa tablo.